Goshin Wule

A zamanin da Turawa ke mulkin ƙasar nan, duk wanda ya bar Bodinga ya nufi Shagari ta hanyar ƙafa, in ya wuce Dandin Mahe da 'yar tafiya, zai ga wani wuri a gefen fadama an kewaye shi da ƙaya. Bai fi faɗin ɗaki biyu ba. Ba kabari ba ne, ba gona ba ce, kuma ba wanda ya binne dukiya a ciki, ko da yake masu dogon tunani sun daɗe suna zargin haka. Ciyawa ce kawai, kore shar, ta fi ta ko'ina tsawo domin bakin dabba bai taɓa ta ba. Makiyaya kan tsaya su dogara sanda suna kallonta, suna haɗiyar yawu a madadin shanunsu. Mutumin da ya yi shingen, yake kuma zuwa ya sabunta shi duk farkon damina har ƙarfinsa ya ƙare, sunansa Maniru.

Maniru ɗan majemi ne, a Shagari aka haife shi. Uwarsa ta rasu ko suna ba a yi ba. Akwai wata Bafulatana, Inno, da ke kawo nono gidan kullum da hantsi, goye da nata jaririn mai suna Tukur. Ranar da ta shigo ta tarar da jinjiri yana tsala kuka, mata sun rasa yadda za su yi da shi, ba ta tambayi kowa ba. Ta sauke ƙwarya, ta zauna, ta ɗauke shi ta sa a nono. Daga ranar ɗaya na Tukur ne, ɗaya na Maniru. Haka ya tashi da gida biyu. A wurin ubansa ya koyi fata, yadda ake feɗe ta ba a huda ba, yadda ake jiƙa ta da toka da bagaruwa. A rugar Inno kuma ya koyi saniya tun tana da ranta.

Sai dai yaro ne mai yawan zancen zuci. A aike shi ɗebo bagaruwa, a same shi tsugune yana kallon tururuwa suna jan ƙwayar gero. A ba shi tsaron maruƙa, ya kwanta rigingine yana bin gajimare da ido har maruƙan su shanye nonon iyayensu tas. Ubansa ya yi faɗa har ya gaji. Inno kuwa dariya take yi, ta ce a bar mata shi, ita ba ta ga laifin mai kallo ba.

Yana da shekara ashirin da 'yan kai aka kafa sansanin allurar shanu a bayan garin Bodinga. Likitan dabbobin da ya zo da shi wani Bature ne siriri, daga wata jami'a ta ƙasarsu aka turo shi ya binciki cututtukan shanu, ya riƙa aika musu da abin da ya gano. Sunansa ya fi ƙarfin bakin mutanen Bodinga, sai suka sa masa Mai Tabarau, suka huta. A tsakiyar sansanin aka gina wani ɗaki aka shafe shi da farar ƙasa ciki da waje, aka jera gilasai da allurai da kwalabe masu jini, aka kewaye shi da waya. Mutane suka sa masa ɗakin kwalabe. Maniru ya je kallo, irin nasa, aka ga ya kama wani bijimi da ya gagari ƙarti huɗu ta hanyar sosa masa gindin ƙaho kawai. Aka ɗauke shi aiki a ranar.

Aikinsa uku ne: dafa allurai, wanke gilasai, da ƙona duk dabbar da ta mutu. Wanda ke kansa Malam Shaihu ne, malamin dabbobi, Basakkwace mai tsabta har ta yi yawa, wanda ko gaisawa ya yi da kai sai ya duba tafinsa. Shi ke riƙe da dokokin ɗakin, kuma bai san wasa a kansu ba. Ba a shiga sai an tsoma ƙafa a wani ruwan magani mai warin kwalta. Rigar aiki ba ta bin mutum gida. Ba a cin goro a ciki, abin da ya sa masu gadi biyu suka ajiye aiki a makon farko. Sau biyu a shekara wani babban likita kan zo daga nesa ya duba, ya leƙa ƙarƙashin tebur, ya shinshina tukunyar allurai, ya auna zurfin ramin ƙona mushe da sanda. Babbar dokar kuwa Malam Shaihu kan maimaita ta kullum da safe.

"Abin da yash shiga shingen ga matacce," in ji shi, "hayaƙi kaɗai ka hita da shi."

Ɗan majemi ya ji wannan doka a ƙirjinsa. Duk sa'ad da ya ga fata mai kyau tana nannaɗewa cikin wuta, sai ya ga takalma da guga da sirdi suna tashi sama. Amma akwai abin da ya riƙe shi a wurin, wato madubin likita. Wata rana Malam Shaihu ya gaji da ganinsa yana zagaya abin, ya ce ya zo ya sa ido. Maniru ya sa. Ya ga ɗigon jini guda ya zama fili mai haske, cike da 'yan zobba jajaye suna gogar juna a hankali, kamar kasuwa in ka hango ta daga kan tudu. Ya daɗe bai ɗago ba. Tun daga ranar, ko ruwa ya ɗebo a tafinsa sai ya tsaya ya dube shi, yana tunanin ko su waye a ciki.

Shekarar da ya auri Kulu, Inno ta aika ya zo. Idanunta a lokacin sun yi yana, ba ta ganin komai sai haske da duhu, amma shanunta ba su ɓace mata ba. Da hannu take sanin su. Ta sa aka jawo wata karsana bokolo, irin masu gajeren ƙaho, mai farin goshi, sunanta Wule. Ta shafa goshin, ta zagaya yatsa a kan wani ɗan murɗin gashi da ke tsakiyarsa, ta bi kunnen hagu har inda ta tsaga shi da hannunta ranar da aka haifi karsanar. Habbanaye za ta ba shi, wato saniyar amana. Mutum ya riƙe ta har ta haihu uku, 'ya'yan su zama nasa, uwar ta koma gida.

"Ga Wule nan na ba ka," in ji Inno. "In ta yi ukku ka maido mani ita. In kuwa Allah ya yi ikonai, ka kawo mani hwatar goshinta da kunnen ga in shahwa. Haka mun ka gada."

Haka kuwa suka gada a rugar. Wanda saniyar amana ta mutu a hannunsa, fatar ita ce bakinsa. In ya zo da ita a yi masa jaje. In ya zo hannu biyu, ko da Alƙur'ani ya rantse, to ya sayar ne, ko ya ci.

Tukur na tsaye a gefe, ya harɗe ƙafa a kan sandarsa. Shi da Maniru nono ɗaya suka sha, amma tun da Maniru ya fara warin kwalta zumuncin ya yi sanyi. A rugage ana ta raɗe-raɗin cewa jinin shanu ake tsotsa a ɗakin kwalabe ana aikawa ƙasar Turawa.

"Inno, mai wanke ma Nasara kwalabe za ki ba saniya?" ya ce. "Jininta za su tsotse, su ce muna ta mutu."

Inno ta lalubo wuyan Wule. Ta sa igiyar a hannun Maniru ta damƙe masa yatsu a kai.

Wule ta zauna a Bodinga shekara guda da rabi. Kulu na ba ta dusa, Maniru na yi mata hira. Da safe yakan tafi da ita ya ɗaure ta a bayan sansanin, wajen waya, inda zai riƙa hango farin goshinta ta taga yana wanke gilasai. Ta ɗauki cikin fari, ya kai wata bakwai. Sai ruwan farko ya sauka, ƙasa ta yi ƙamshi, ciyawa ta fara leƙowa.

Ran wata Laraba da safe ya bar ta tana tuƙa lafiya lau. Da hantsi ya ɗaga kai bai ga farin goshin ba. Ya fita a guje ko rigar aiki bai tuɓe ba, ya same ta a kwance, cikinta ya kumbura, wani baƙin jini mai kauri yana ɗiga daga hancinta, ya ƙi daskarewa. Ko damar sa mata wuƙa bai samu ba. Ya durƙusa zai ɗora hannu a goshinta, Malam Shaihu ya daka masa tsawa daga baya.

Malam Shaihu ya sa safar hannu, ya soki gefen kunnen da allura ya ɗauki ɗigo guda, ya shafa a gilashi, ya zuba masa shuɗin ruwa. Ya daɗe yana dubawa, sa'an nan ya ja da baya.

"Zo ka gani da idonka," ya ce, "kada ka ce ni nic ce."

Maniru ya sa ido. Kasuwar nan ta jajayen zobba tana nan, amma baƙi sun shigo ta. Wasu 'yan sanduna ne shuɗɗa, a jere gaɓa-gaɓa kamar karan dawa, sun cika ko'ina, ba sa motsi. Abin haushi, suna da kyau.

Ciwon saifa ne. Malam Shaihu ya yi masa bayani a hankali, domin ya ga idonsa. Ya ce 'yan sandunan nan, muddin suna cikin gawar, wuta za ta gama da su. Amma in aka sa wuƙa jinin ya sha iska, sai su dunƙule su zama kamar iri, su kwanta a ƙasa su yi barci, shekara arba'in ko fiye, rana ba ta kashe su, fari ba ya kashe su. Ranar da ruwa ya taso da su, saniya ta ci ciyawar wurin, sai su farka. Kuma suna kama mutum. Saboda haka ba fiɗa, ba yanka, ba ko gashi ɗaya. Mai Tabarau ya zo ya duba, ya gyaɗa kai, ya dafa kafaɗar Maniru, ya sa aka ɗora Wule a kan fallen kwano aka ja ta zuwa rami, aka kankare ƙasar da ta kwanta a kai aka bi ta da ita.

A nan ne ya kamata Maniru ya buɗe baki ya ce saniyar nan ba tasa ba ce, ga kuma abin da ake bukata a gida. Bai buɗe ba. Kunya ta hana shi, da tsoron a ce masa doka doka ce. Mutumin da ke iya yi wa saniya hira rabin yini, ya kasa gaya wa ɗan'uwansa mutum kalma goma.

Da azahar kowa ya watse, Mai Tabarau ya shiga tantinsa ya kishingiɗa, aka bar mai ƙona mushe da aikinsa. Ya jera itace, ya zuba kananzir. Ya tsaya da ashana a hannu. A zuciyarsa ya ga Inno tana miƙo hannuwa, ya ga Tukur a harɗe kan sanda. Sai ya mayar da ashanar aljihu, ya zaro 'yar wuƙar ubansa, ya sauka cikin ramin. Ya ce wa kansa ai ba fiɗa zai yi ba, goshi ne kawai da kunne, kuma a cikin rami, duk abin da ya ɗiga wuta za ta cinye. Hannun ɗan majemi bai ɗauki lokaci ba. Sai dai wajen ɗago kunnen bakin wuƙar ya ɗan kwarzane shi a wuyan hannun hagu, abin da ko jini bai yi sosai ba. Ya wanke da ruwan kwalta, ya sa fatar cikin wani tsohon gwangwani, ya cika shi da toka, ya danne murfin. Sa'an nan ya kyasta ashana. Hayaƙin ya miƙe sama sak, domin ba iska a ranar, ya bi shi da ido har wuyansa ya gaji.

Ranar Lahadi ba a aiki a sansanin. Da ya idar da sallar asuba ya naɗe gwangwanin a tsumma ya ɗora a ka, ya kama hanyar Shagari. Kulu ta ce jikinsa da zafi, ya ce gajiya ce. A wuyan hannunsa wani ɗan ƙurji ya fito tun shekaranjiya, yana ƙaiƙayi kamar cizon sauro.

Safiya ce mai daɗi. An yi ruwa, hanya ta yi laushi, manoma sun fito shuka, namiji na sara da sungumi, mata na bi suna jefa iri suna takewa. Yana tafiya yana jin ƙafafunsa ba nauyi, kamar ba nasa ba. Da rana ta ɗaga, sai gonakin suka fara yin nisa suna dawowa. Muryoyin masu yi masa sannu suna zuwa daga can ƙasan rijiya. Can sai ya ga Wule a gabansa.

Bai yi mamaki ba. Tana tafe a tsakiyar hanya, cikinta na rangaji, jelarta na korar ƙuda, ba igiya a wuyanta. Ta san hanyar gida, ba ta bukatar mai ja. In ya yi sauri ta yi sauri, in ya tsaya ta tsaya ta ɗan ci ciyawa. Ya yi mata magana, ya ba ta haƙuri kan wutar, ya gaya mata Kulu ta yi kuka. Ya tambaye ta abin da ke cikinta, mace ce ko namiji, don ya riga ya zaɓi suna. Ba ta juyo ba ko sau ɗaya, shi kuwa goshin yake so ya gani. Sama ta zama fili mai haske, zagayayye, irin na cikin madubi, gajimare na gogar juna a hankali. Ya ji kamar shi ma ɗigo ne a kan gilashi, wani babban ido yana dubansa daga sama, ba da fushi ba, da kallo kawai. Ya ji ƙamshin zanen Inno, man shanu da hayaƙi, ya ji bayanta a ƙirjinsa kamar lokacin da take goya shi, ƙwarya a kanta, tana tafiya irin wannan tafiyar.

A Dandin Mahe ƙishirwa ta tsayar da shi bakin rijiya. Wata mata ta miƙo masa ƙwarya. Al'adar aiki ta hana shi karɓa, ya tara hannu ya ce ta zuba masa. Da ya tara sai ya ga wuyan hannunsa. Ya kumbura har gwiwar hannu, ƙurjin ya faɗa, tsakiyarsa ya yi baƙi ƙirin kamar gawayi, 'yan ƙuraje masu ruwa sun kewaye shi. Kuma ba ya zafi ko kaɗan. Ya taɓa ganin irinsa sau ɗaya, a hannun wani mahauci da aka kawo sansanin a kan jaki. Ya san ko mene ne. Ya sha ruwan, ya gode, ya janyo hannun riga ya rufe. Da ya waiga hanya, Wule na jiransa, sai ya bi ta.

La'asar ta kusa sa'ad da ya iso gefen fadama. A ɗaya gefen ga garken Inno, farare tas, sun bazu a kan sabuwar ciyawa, ga bukkokin rugar can bayan itatuwan gawo. Wule ta gangara ta shiga cikin 'yan'uwanta, bai ƙara bambance ta ba. Ya ɗaga ƙafa zai bi ta, ƙasa ta juya. Ya faɗi, gwangwanin ya yi tsalle ya bugi dutse, murfin ya fice.

Ya ɗago kai ya ga toka ta watsu a kan ciyawa, ga farin goshin a tsakiya yana kallon sama. Sa'an nan ya ji abin da ya wartsake shi sarai, wato takun shanu. Saniya ba ta ganin toka ta wuce, sai ta lasa. Wasu maruƙa uku sun riga sun taho, hanci a gaba, manyan na biye. Ya dubi tokar, a idon zuciyarsa ya ga 'yan sandunan nan shuɗɗa suna gangarawa tsakanin saiwoyi, suna neman wurin kwanciya, a fadamar da Inno ke kiwo tun kafin a haife shi. Abin da ya ɗauko a ka tun daga Bodinga ke nan ya kawo mata.

Ya tashi yana ihu yana jifa da hannu ɗaya har shanun suka ja da baya. Ya tattaro busassun rassan gawo da tsohon kara, ya tula a kan tokar da gwangwanin da tsumman. Farin goshin ne na ƙarshe da ya rufe. Ya tsaya a kansa, ya san in ya kyasta ashanar nan ba shi da sauran baki a rugar. Yana kuka ya kyasta.

Hayaƙin ne ya kawo Tukur a guje.

"Kai! Mi kake ƙonawa cikin makiyayarmu?"

"Goshin Wule na. Ta mutu, Tukur. Kada ka matso, kada ka bari shanu su matso."

Tukur ya dubi wutar, ba abin da ake gani sai harshenta. Ya yi wata 'yar dariya marar daɗi.

"Ka kawo hwata tun daga Bodinga, sai da kag ga ruga kas sa mata wuta? Wa za ka gaya ma wagga magana?"

Mata sun fito, ɗaya na jan Inno da sanda. Aka tsayar da ita nesa kaɗan da wutar. Ta juya fuska tana neman inda yake, ta miƙo hannuwa biyu.

"Maniru? Ba ni in shahwa."

"Babu, Inno. Na ƙone ta. Ciwon da yak kashe ta shina cikin hwatar."

Hannuwan Inno na nan a miƙe.

"To zo in taɓa ka."

Ta tako ɗaya. Ya dubi hannunsa, ruwan ƙurajen ya jiƙa rigar. Ya ja da baya. Ta sake takowa, ya sake ja. Makauniya ba ta gani, amma tana jin taku, ta kuma san wanda ke matsowa da wanda ke gudu. Ta sauke hannuwanta a hankali, ta ce a mayar da ita gida. Bai taɓa jin abu ya yi masa ciwo kamar saukar hannuwan nan ba.

Shi kaɗai ya saro ƙaya da hannu ɗaya ya kewaye wurin bayan wutar ta mutu. Wasu fatake masu jakuna suka tsince shi a sume a bakin hanya suka kai shi Bodinga. Mai Tabarau ya yi faɗa da Turanci har tabaran ya zame, sa'an nan ya yi masa allura da hannunsa, ya sa aka keɓe masa bukka. Malam Shaihu ya hau keke da buhun farar ƙasa ya je ya zuba a wurin, ya nemi Tukur ya yi masa bayani. Tukur ya ce yaron Nasara ya shaidi yaron Nasara, ai ba abin mamaki ba ne. Da Malam Shaihu ya dawo ya tsaya a ƙofar bukkar, ya daɗe yana duban marar lafiyan.

"Da ka hwaɗa mani," ya ce, "da na aika an kira Tukur ya gan ta da idonai kahin a sa wuta. Tahiyar yini guda ta, Maniru. Mushe ba ya gudu."

Daga wannan shekarar aka ƙara doka a sansanin, ba a ƙona dabba sai an kira mai ita ko wakilinsa ya tsaya daga nesa ya gani. Maniru kuwa ba a sake barinsa ya shiga ɗakin kwalabe ba. Bai ƙara sa ido a madubin ba har ya mutu, kuma ya yi kewarsa fiye da yadda ya yi kewar aikin. Ya koma jima, sana'ar ubansa, ya zama majemin da ake yi wa dariya a kasuwa saboda ba ya karɓar fatar da bai san yadda dabbarta ta mutu ba.

Ciwon ya ɗauke shi kwana arba'in. Baƙin ɓawon ya faɗi, ya bar tabo zagayayye, fari, ba gashi, naman ya tattare a tsakiya ya murɗe. Malam Shaihu ya duba ya ce ya warke, ba abin da zai ba kowa. Duk da haka sai da aka yi girbi, aka kai gero rumbu, kafin ya iya kama hanyar Shagari. Bai ɗauki komai ba, don ba shi da abin ɗauka.

Ya iso da yamma, shanu ba su dawo ba. Tukur na zaune yana tufka igiya, ya amsa sallamar ba tare da ya ɗago ba. Inno na kan tabarma a ƙofar bukkarta, ta rame. Maniru ya tuɓe takalmi ya durƙusa nesa kaɗan, ya gaishe ta. Ta amsa. Duk maganar da ya shirya a hanya ta watse. Ita ma ba ta miƙo hannu ba.

Sai ya matsa a kan gwiwoyinsa har ya iso tabarmar, ya naɗe hannun riga, ya ɗora hannunsa na hagu a cinyarta.

Ta daɗe ba ta taɓa ba. Sa'an nan yatsunta suka taso daga tafinsa, suka hau wuyan hannun, suka tsaya. Ta bi gefen tabon. Ta sa ɗan yatsa a tsakiyar, inda naman ya murɗe, ta zagaya shi a hankali, sau ɗaya, sau biyu, yadda take yi wa goshin nan kowace safiya.

"Ranar da kaj ja baya," ta ce, "wanga na?"

"Shi na, Inno."

Ta gyaɗa kai. Hawaye ya gangaro daga fararen idanun, ba ta share ba.

"Tukur," ta kira. "Zo ka gani. Ya kawo hwata."

Tukur bai taso ba, amma hannunsa ya tsaya a kan igiyar. Inno ba ta sake kiransa ba. Ta riƙe hannun da hannuwanta biyu, ba ta sake shi ba har shanu suka shigo.